Korar da Alfio Yake Nema

A garinmu Ingham, in ka ga wani mai furfura ya leƙo kai ta tagar ƙaramin jirgin ƙasan ɗaukar rake yana hararar hanya kamar ita ta ɓata masa rai, to Alfio Scuderi ne. Tun yana saurayi yake jan taragun rake daga gonaki zuwa injin sukari, bai taɓa kayar da tarago ba, bai taɓa makara ba. Yana da matarsa Glenys, da 'ya'ya mata da suka yi aure, da bishiyar mangwaron da jemagu ke cinye rabinta duk shekara. Wani da ya samu haka sai ya miƙe ƙafa ya gode wa Allah. Shi kuwa abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya, ƙanensa Rino.

Rino bai taɓa riƙe sana'a da hannu biyu ba. Yakan gyara injin kwalekwale in ya ga dama, in bai ga dama ba ya rufe rumfar ya tafi kamun kifi. Amma an ba shi ƙwaƙwalwa, kuma ba da cokali aka auna masa ba. Tun suna yara, in kakansu ya zaunar da su karta a inuwar ƙarƙashin gidansu da aka ɗora bisa turaku, Rino zai dubi bayan kartar tsohon ya ce, "Kaka, sarkin nan da kake ɓoyo, jefo shi mu huta." Tsohon ya yi ta dariya har da tari, ya shafa kan yaron, sannan ya juya ya ce wa Alfio ya je ya ɗebo musu ruwan sanyi. An ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A gidan Scuderi dai maganar ba ta ci ba.

Da girma ya zo, wata rana Rino ya bi abokai zuwa gidan cacar da ke bakin teku a birni, ya zauna a teburin ashirin da ɗaya. Wasan ba shi da wuyar ganewa, ka kusanci ashirin da ɗaya fiye da mai rabo, kada ka zarce. Sirrin yana cikin akwatin da ake zaro karta. In ƙananan karta sun fita da yawa, manya ne suka rage, lokacin ɗan wasa ke nan ya ƙara abin da ya zuba. Masu wannan harka sukan yi shekaru suna koyon riƙe lissafin a ka. Rino yana yi yana taunar gyaɗa, yana tambayar mai rabo lafiyar tsohuwarta.

Ba laifi ba ne a doka, amma gidan caca ba don a ci shi aka gina shi ba. Bai cika shekara ba aka dafa kafaɗarsa. Mutane cikin baƙaƙen kwat suka ce masa, cikin ladabi, kansa ya fi ƙarfin teburinsu, kada ya sake taka ƙofar. A wurin 'yan karta kuwa babu rawanin da ya kai wannan. Kowa na iya cin sa'a rana ɗaya, amma kora shaida ce daga bakin abokin gaba. Rino ya dawo gari ya zama abin nunawa. A kulob ana ja masa kujera, a wurin gashin nama na dangi surukai su kewaye shi su ce ya sake ba da labarin, shi kuma Alfio yana gefe da cokalin juya nama a hannu, hayaƙi na shiga masa ido.

Hassada ce ta kama shi, ba wani suna da za a sa mata. Ba dukiya ya yi wa ƙyashi ba, don Rino ya ɓarnatar da abin da ya ciwo kafin damina ta fita. Dafa kafaɗar nan yake so. Yana so wani baƙo, wanda bai san kakansu ba, ya dube shi ya ce kansa abin tsoro ne.

Sai ya duƙufa. In jirgi ya tsaya jiran a cika taragu, ya zaro karta daga aljihu yana jefawa a cinya, leɓɓansa na motsi. A gida ya mamaye teburin cin abinci, ya kunna rediyo da ƙarfi wai don ya saba da hayaniya.

"Alfio, taliya ta huce," in ji Glenys.

"Kin ɓatar min da lissafi."

"Jiya ma kare ne ya ɓatar maka. Shekaranjiya fanka. Wannan lissafi naka ko ɗan tsako ya fi shi ƙwari."

Gaskiyarta kuwa. A ɗaki shi kaɗai yakan riƙe har ƙarshen akwati. A gidan caca, da zarar mai kawo shayi ta ce masa "da madara?" shi ke nan, komai ya zube. Sai ya ci gaba da lissafin da ya ƙirƙira, ya zuba da yawa a inda bai kamata ba, ya ɗaga kai ya kafa wa na'urar ɗaukar hoto ta rufi ido don su gan shi da kyau. Har motsa baki yake yi da gangan.

Sun gan shi kuwa. Suka ba shi wurin ajiye mota a inuwa. Suka riƙa ba shi abincin rana kyauta. Ranar da ya ƙara shekara, masu rabo suka kawo masa ɗan kek da kyandir har teburi suna tafi, shi kuma ya hura kyandir ɗin kamar mai hura wutar ɗanyen ice. Duk murmushin da mai gadin ƙofa ya yi masa ji yake kamar mari.

Da aikin rake ya tsaya a ƙarshen shekara, sai ya koma zuwa gidan cacar kusan kullum. Aka yi baftismar jikarsa ya iso ana watsewa. Kwalekwalen da mahaifinsu ya bar musu ya ɓace daga bayan gida, Glenys ta tarar da ciyawa kwance a inda yake. Ba ta yi faɗa ba, ta dai daina yi masa ba'a, wanda a gidan nan ya fi faɗa muni.

Rino ya same shi a gindin mangwaro.

"Yaya, ka bar abin nan haka."

"Me ya dame ka da ni?"

"Ba abin alfahari ba ne, wallahi. Ni ban koya ba, ban san yadda nake yi ba. Kai ka iya abin da ni ban iya ba, ka riƙe aiki, ka riƙe gida."

"Riƙe kayanka. Tsoro kake ji kada a kore ni mu zama biyu, a daina ja maka kujera."

Rino ya sunkuya. Ya tsinci mangwaron da jemage ya gutsura ya jefa bayan shinge, ya tafi.

Mai nema, aka ce, yana tare da samu. Wata Talata da tsakar rana, ruwa na dukan tagogin gidan cacar, Alfio ya ji hannu a kafaɗarsa. Ya daɗe da shirya yadda zai miƙe, da abin da zai ce, har da ɗan murmushin da zai bar wa mai rabo. Ya juya a hankali. Wata 'yar gajeriyar mata ce mai tabarau, ta ce sunanta Kerryn, ko zai ba ta 'yan mintoci.

Ta kai shi wani ɗaki mai kujeru masu taushi, da tukunyar fure, da kwalin takardar share hawaye a tsakiyar tebur. Ta ce aikinta kula da baƙin da wasa ya fara cutarwa. Wani daga danginsa ya zo musu da damuwa, sun duba, sun ga haka ne, don haka daga yau an rufe masa ƙofa. Ta ce akwai masu taimako in yana so a haɗa shi da su.

Alfio ya ce, "Amma kun lura ina ƙirga karta."

"Kana me?"

"Ƙirgawa. Na sama, masu kallo ta na'ura, ba su ce komai ba?"

Ta dube shi da tausayi, irin wanda ya fi zagi ciwo. "A'a, Mista Scuderi. Ba wanda ya taɓa kawo wannan maganar."

Ita kaɗai ta raka shi, ta ƙofar gefe, har ta ara masa lema. A tsallaken titi, daidai inda iyakar gidan ta ƙare, tsohuwar a-kori-kurar Rino na tsaye, gilashinta ya yi raɓa. Alfio bai tambayi wane ne dangin ba. Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya ɗora jiƙaƙƙiyar lemar a ƙafafunsa.

Suka bar birni, suka shiga gonakin rake, abin share gilashi na ta kai da kawo. Alfio yana jin haushin ƙanensa kamar ya shaƙe shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san yaron ya yi daidai, kuma ko wannan ma shi ya riga shi gani.

"Ni da Glenys kaɗai muka sani," in ji Rino, idonsa a kan hanya. "Ita ba za ta faɗa ba. Abin da mutane za su ji kawai shi ne an kore ka. Dalili kuwa, duk wanda ka ba su shi ne."

Alfio ya juya yana kallon raken da ruwa ya kwantar. Suka wuce gada, suka wuce layin jirginsa, har hasumiyar injin sukari ta fara leƙowa. Sannan ya yi magana.

"Kai za ka faɗa musu don ƙirga karta aka kore ni, da bakinka, a kulob. In ni na faɗa ba wanda zai yarda."