Burgun da Kaka Ta Saka wa Tarin Kawu

Kakata ba ta faɗa da mutum. In ka ɓata mata rai, sai ta bari a yi magariba, ta hura wutar gasa masara a tsakar gidanmu na Makera, ta saka ka cikin tatsuniya.

Ranar da Kawu Sale ya cire ni daga sakandare ma haka ta yi. Shi ne babba a gidan tun rasuwar Babanmu, kuma shi ke kula da injinan saƙa a masaƙa. Ya ce tarihi da adabin da nake haukar so ba a tuƙa tuwo da su, ya samo mini gurbi a wajen naɗe zare.

Da yamma Kaka ta ce, "Ku matso, wata tatsuniya ta iso da zafinta." Wai akwai wani burgu da ya san hanya ɗaya tak, daga raminsa zuwa rumbun wani manomi. Kullum yana yi wa kurege dariya, don kurege na yawon koyon yaren tsuntsaye, yana tambayar tsofaffi inda ruwa ya taɓa bi. Duk sanda burgu zai yi magana, sai Kaka ta yi ɗan tarin nan na Kawu, ƙehem-ƙehem. Shi kuwa yana kan tabarma, yana ji.

"Inna, da wa kike?"

"Da burgu nake, Sale. Ko kana da wutsiya ne?"

Rannan manomi ya yi ƙaura da rumbunsa. Kurege ya ji a bakin tsuntsaye inda aka koma, ya bi. Burgu kuwa kullum sai ya je tsohon wurin ya zauna yana kallon fili. Na ce, "Kaka, kurege bai nuna masa hanya ba?" Ta juya masara, ta ce, "Bai nuna ba."

Da aka rufe masaƙa, ni da Kawu muka dawo gida tare. Sai daga baya na lura cewa ni ma burgu aka mai da ni, ba a tambaye ni ba. Abokan karatuna da suka karanta abin da Kawu ke kira "shirme" sun yi rediyo, sun yi koyarwa, yanzu wasu fassara suke yi ta waya daga ɗakinsu. Aiki ya gudu, sun bi shi. Ni zare na iya.

Bana 'yata Hauwa ta samu jami'a, tarihi da harsuna. Kawu ya aiko wai a bar ta ta koyi sana'a ɗaya ta riƙe. Ranar tafiya na kai ta gabansa neman albarka, gida cike da mutane.

Ya ce, "Allah ya ba da sa'ar abin da aka je nema."

Na durƙusa na ce, "Kawu, ka kira sunan abin. Kunnena ya yi nauyi."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Allah ya ba da sa'ar karatun tarihi." Ban taɓa jin kalmar tarihi ta yi daɗi kamar a bakinsa ba.