Kawu Maina da Wandon Jins

Duk wanda ya san Kawu Maina tela na unguwar Bolewa ya san ba a miƙa masa tufa ya kalli fuskarta. Kana ba shi riga, kafin ka gama cewa "duba min", ya zura hannu ta wuya ya fito da cikinta waje, ya kai ta kusa da hanci yana bin ɗinkin da farce. In rigar a jikinka take ma bai dame shi ba, zai kama gefenta ya naɗe yana tambayarka iyali. "Juyo min cikinsa," ita ce kalmarsa, har ta zama sunansa a layin teloli na kasuwar Potiskum.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Mahaifina ya rasu ina aji uku a firamare, Kawu ya ɗauko ni ya riƙe, kuma keken ɗinkinsa ne ya kai ni har jami'a. Saboda haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, wanda ya fi muni kuwa ni na yi.

Akwai wani Alhaji Buba dillalin shanu. Wata Juma'a ya biyo ta rumfar Kawu da sabuwar babbar riga ta shadda, ɗinkin Kano, yana ta saɓa hannu don a gani. Kawu ya miƙe kamar zai gaishe shi, ya kama gefen rigar ya juya. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya ka gani, Maina? Aikin Kano ne fa."

"Na gani, Alhaji. Allah ya sa a kashe lafiya. Amma yau in an je masallaci kada ka yi dogon ruku'u."

Alhaji ya yi wata uku ba ya yi masa magana. A wata na huɗu ya aiko da rigar a ɓoye cikin buhu, wai a duba hammatar.

Tsimi kuwa, wallahi ban taɓa ganin irin nasa ba. Yana da wani gwangwanin madara da yake tara guntayen zare a ciki. In aka kawo tsohuwar riga gyara, sai ya warware zarenta a hankali, ya naɗe a tsinken ashana, ya jefa a gwangwani. Sabon zare na masu kawo ɗinki ne. Mu 'yan gida kayanmu daga gwangwani ake ɗinka su, shi ya sa rigar makarantata fara ce amma hannunta ɗaya jan zare, ɗayan kore. Na taɓa yin ƙorafi, ya ce, "Ta ɓalle?" Na ce a'a. Ya ce, "To wuce makaranta."

Akwai Oga Emeka, mai shagon yadi da gwanjo a gaban rumfarsa, amininsa ne na shekaru. Ya taɓa kawo masa keken ɗinki mai aiki da lantarki, ya ce ya gwada kyauta, ƙafarsa ta huta. Kawu ya zagaya keken sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce, "Emeka, in an ɗauke wuta fa?"

"Sai ka jira a kawo."

"Mayar da abinka. Ƙafata ba a taɓa ɗauke ta ba."

A wurin Emekan nan aka saya min jins na farko, da zan tafi karatu Maiduguri. An buɗe sabuwar dilar gwanjo da safe, Kawu ya zauna a kanta ya juya cikin kowane wando, ɗaya bayan ɗaya, har azahar. Emeka yana cewa, "Maina, ka hana ni ciniki," shi ko a jikinsa. A ƙarshe ya zaɓo wani mai kauri kamar tamfol, ƙafarsa buɗaɗɗiya, wanda aka daina yayinsa tun ina goye. Ya ce, "Wannan mai tsoron Allah ne ya ɗinka shi." Na tafi da shi, samari suka sa min suna Buhun Gero.

Abin ya ci min rai ƙwarai. A shekarun nan na casa'in, yayin da ake yi shi ne jins mai tsada wanda aka koɗar da gangan, gwiwarsa a ɗan tsage, da wata 'yar fata a bayan ƙugu mai ɗauke da sunan Baturen da ya ƙirƙiro shi. Wannan 'yar fatar ita ce komai. Don ita ake cusa riga cikin wando, don ita ake juya baya in ana hira da 'yan mata. Na yi zango guda ina shan gari da ruwa, ina cewa abokai azumin nafila nake yi, har na tara kuɗinsa. Ni da abokina Bukar muka je muka saya iri ɗaya, kowanne a farashin da zai sayi irin na gwanjon Emeka guda goma.

Da shi na dawo gida hutun babbar sallah. Kawu yana kan keke na shigo, ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Usmanu, hatsari kuka yi a hanya?"

Na ce, "Kawu, yayi ne. Haka ake sayar da shi."

"A yage?"

"A yage."

"Sabo?"

"Sabo fil."

Ya miƙo hannu zai kama ƙafar wandon, na ja da baya. Na ce wannan ba irin wanda ake juya cikinsa ba ne. Ya ci gaba da taka kekensa.

Washegarin sallah aka aike ni garin Gadaka in kai wa dangin mahaifina nama in kwana biyu. Ban yarda in hau motar kasuwa da wandon ba, sai na wanke shi na shanya a igiya, na sa tsohon nan da ya jawo min sunan Buhun Gero na tafi. Niyyata in na dawo in sa shi in je hira unguwar Yindiski, wurin wata yarinya da na riga na ba labarinsa.

Na dawo na tarar da shi a ninke a kan katifata, an goge. Da farko ban gane shi ba. Kawu ya kai shi marina an tsoma a baba, ya fito baƙi-ƙirin yana sheƙi kamar rawanin Buzu. Gwiwoyin nan biyu an ɗinke su tsaf, ko da fitila ba za ka ga inda suka tsage ba. Na juya bayan ƙugun. Babu 'yar fata.

Na fito tsakar gida da shi a hannu. Kawu yana zaune a tabarma da matarsa Inna Kaltume, yana murmushi irin na wanda ke jiran godiya.

"Ka gani? Sun cuce ka, amma na ceto shi. Yanzu ya zama wando."

"Ina fatar?"

"Wai sunan ƙaton nan? Usmanu, kana da uba, kana da kawu, ka riƙa yawo da sunan wani a bayanka kamar saniyar da aka yi wa lamba?"

Abin da na faɗa bayan nan, shekara da shekaru ina so in ce ban tuna ba, amma na tuna kalma-kalma. Na ce masa me ya sani game da kaya, shi da bai taɓa wuce bakin kasuwa ba. Na ce telan faci ne, ya tsaya a facinsa. Na ce duk abin da ke rumfarsa, har da keken, bai kai kuɗin abin da ya lalata min ba. Keken da ya biya min makaranta nake nufi.

Inna Kaltume ta yi salati. Kawu kuwa murmushin ne kawai ya sauka daga fuskarsa. Ya ce a hankali, "To, Usmanu. Juya cikinsa tukuna."

Na ce, "Ba zan juya ba." Na jefar da wandon a gabansa, washegari na hau mota ban yi masa sallama ba.

Wata biyu da komawarmu, Bukar ya ɗaga ƙafa zai hau acaɓa a bakin makaranta, nasa wandon ya dare daga gaba har baya, da 'yar fatarsa da komai. Na yi dariya har da hawaye, na ce a raina da Kawu yana nan da ya ce ai ya faɗa. A ranar ya kamata in je gida. Girman kai ya hana ni. Hutu ya zo na ce ina da karatu. Sau biyu wani direba ɗan unguwarmu yana tare ni a tasha ya ce, "Kawunka ya ce wandonka na nan." Ni kuma in ce masa to, sai wani hutun.

Karo na uku da direban ya neme ni, har ɗaki ya biyo ni, ya tsaya a ƙofa ya cire hula. Zazzaɓin kwana huɗu ne, cikin damina. Kafin in iso an riga an kai Kawu makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai, Inna Kaltume ta kira ni ɗakinta ta ciro wandon daga ƙasan akwatin Kawu, a ninke yadda na gan shi ran farko. Ta ce, "Ya ce in ka zo ba ya nan, in ce maka ka juya cikinsa."

Na juya. Ga 'yar fatar nan a cikin ƙugu, an ɗinke ta da kyau ta gefe huɗu, sunan Baturen yana kallona. Duk wani ɗinki na wandon, daga ƙugu har kalmasar ƙafa, an warware shi an sake bi sau biyu da irin ƙananan ɗinkin nan nasa.

Inna ta ce, "Cewa ya yi yaron da yunwarsa ya sayi sunan nan, ba zai jefar masa ba, amma a ciki zai zauna. Ɗinkin kuma ya ce ko wata uku ba zai yi ba. Yini biyu ya rufe rumfa a kansa." Sannan ta ce, "Duba zaren."

Na duba. Launi ɗaya ne tun daga sama har ƙasa.

"Sabo ya saya a wurin Emeka. Tunda na shigo gidan nan ban taɓa ganin ya sayi sabon zare don ɗan gida ba, har ni."

Na sa wandon nan har na gama makaranta, na yi bautar ƙasa da shi, ko zare ɗaya bai tashi ba. Yanzu ya yi min kaɗan, yana cikin akwatina. 'Ya'yana suna tambayata ko mai tsada ya fi mai araha, ni kuwa sai dai in karɓi wandon in zura hannu, su kuma su yi ta dariya suna cewa Baba ya fara. Abin da ke cina shi ne minti ɗaya ya roƙe ni, a tsakar gida, wandon yana hannuna, na hana shi.

Allah ya jiƙan Kawu Maina, ya yafe masa, ni ma ya yafe min abin da bakina ya faɗa. Ranar da za a juya cikin kowa, Allah ya sa a tarar da nasa yadda ya bar min wandon nan. Amin.