Rubutun Ado na Ƙarshe a Bangon Gareji

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ado Bakanike ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina sunkuye ina ɗaure batir a motar wani a bakin tasha. Sunday mai walda ne ya kira ni. Ya ce, "Nasiru, Oga ya tafi." Na ce ya tafi ina kuma, ba jiya ya dawo daga Gwiwa ba? Ya ce, "Rasuwa ya yi." Ban san lokacin da sifana ta faɗi daga hannuna ba.

Jiya ya je gyaran tarakta, ya dawo yana cewa ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Bayan sallar asuba Allah Ya karɓi abinSa. Mun kai shi makwancinsa kafin azahar.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Ado shi ne mai garejin nan na hanyar Daura a Kazaure, wanda jar mota mai ƙofa biyu take zaune a gabansa shekara biyu ke nan. Ni ne mai wayarin ɗin garejin.

Lokacin da na zo daga Roni ba ni da komai sai takardar difloma da jakar kayan aiki. Shi ya matsar da bencinsa ya ce, "Ga inuwa nan, zauna." Bai taɓa tambayata ko ɗan gidan wa ba ne.

A watana na farko na haɗa waya ba daidai ba, na ƙona wa wani mutum fitilun mota. Mutumin ya zo yana kumfar baki yana neman wanda ya yi. Ado ya fito daga ƙarƙashin mota ya ce, "Mu muka yi, Alhaji, kuma mu za mu gyara." Bayan mutumin ya tafi sai ya miƙo min kofin fura ya ce, "Injiniya, ashe takarda ma tana ƙona fitila." Daga ranar sunan ya bi ni.

Yanzu bari in faɗi zancen motar, don ita ce ta sa na kasa yin shiru yau.

Motar tsere ce, irin mai rarrafe da ƙasa. Daga wajen Nijar Ado ya sayo ta aka jawo ta da igiya, injinta ya buga, ƙwaƙwalwarta ta mutu. Ado ya yi sawu uku kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano bai samu kayanta ba. Wani zai haƙura. Shi kuwa sai ya je ya ciro injin wata a-kori-kura da ta kife da buhunan gero tsakanin Roni da Gwiwa. Jikinta ya lotse, amma injin ƙalau yake. Ya ce shi zai dasa a ciki.

Wace irin dariya ce ba a yi masa ba? 'Yan majalisar mai shayi suka ce Ado zai sa wa barewa zuciyar jaki. Wasunsu na gan su ɗazu a maƙabarta suna share hawaye. Eh, na gan ku.

Gaskiya ni ma da farko na ce ba zai yiwu ba. Injin ya fi gidan tsayi, bonet ya ƙi rufuwa. Giyabos bai zauna daidai ba. Farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, ta yi tsawo, sai da Sunday ya yanke ta ya sake haɗawa har sau biyu. Tankin baƙin mai yana neman taɓa ƙasa. Kullum in an toshe nan sai can ya ɓulle. Ado sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa, Injiniya. Ƙarfe ne, ba aljani ba."

Ba don ya yi tsere yake yi ba, mutumin da ko a babur ba ya gudu. Saboda Baba Ilu yake yi.

Baba Ilu shi ne ubangidansa da ya koya masa sana'a a Babura. Ya tsufa, idanunsa sun tafi, amma har gobe in ka tayar da inji a ƙofar gidansa zai gaya maka fulogin da ba ya ci. Shi ne mutum na farko da ya ce wa Ado aikin nan ba zai yiwu ba. Ado ya ce masa, "Baba, in Allah Ya yarda da ƙafarta zan kawo maka ita, ka ji da kunnenka." Yakan ce mana wurin kowa gani ya kori ji, amma wurin Baba ji ne ya kori gani.

Akwai wata ɗabi'a ta Ado da duk wanda ya yi aiki da shi ya sani. Ba ya rubutun boko. Duk abin da za a yi, da alli yake rubuta shi a bangon gareji da ajami, kuma ba ya sa wasali ko ɗaya. Na sha yi masa ƙorafi. Sai ya yi dariya ya ce, "Ni babbaƙu nake rubutawa. Mai hankali shi ke sa farfaru."

Shekaranjiya da la'asar muka tayar da injin a cikin motar karon farko. Ya ɗauka bugu ɗaya.  Amma ba a yi minti ɗaya ba muka ji ƙarrr, fanka tana gogar lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji. Ya yi maza ya kashe.

Ana cikin haka aka kira ni, motar wani ta mutu a hanyar Roni. Na tsaya ina jan ƙafa. Ya ce, "Je ka, Injiniya, kada ka bar mutum a rana. In na gano bakin zaren zan bar maka a bango."

Har na hau babur ya ɗaga murya ya ce, "Ka dai ji muryarta ko?"

Na ce na ji, Oga.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Jiya da safe na zo na tarar ya wuce Gwiwa. Na duba bango, na ga sabon rubutu: lagireto, sai baƙaƙe biyu a gabansa, "g" da "b". Na karanta "lagireto gobe". Na ce to, Oga ya ɗaga aikin sai ya dawo. Har da 'yar mitata, wai mutum ya tayar mana da hankali sannan ya kama hanya. Na yini ina ƙananan ayyuka, ban ko ɗaga bonet ɗin ba.

Ɗazu da muka dawo daga maƙabarta ƙafata ta kai ni garejin ba tare da na yi niyya ba. Na tsaya ina kallon kalmar nan ina kuka, ina cewa ga goben ta zo babu kai. Daga nan na ɗaga bonet, don kawai in taɓa abin da ya taɓa.

Sai na ga zanen alli a jikin ƙarfen da lagireto yake zaune. Layi biyu, dama da hagu, yatsa uku gaba da inda yake yanzu. Har inda za a huda ya ɗiga.

Ba gobe ya rubuta ba. Gaba ya rubuta. A matsar da lagireto gaba.

Aiki ya bar min, ni kuma na sa farfarun da ba su ba ne, na tafi yawona. Da na karanta daidai, da jiya ya dawo ya tarar fanka tana juyawa ba ta taɓa komai. Da ya ji ta. Wannan abin yana cin raina, kuma ba zan ɓoye ba.

Ina nan tsaye sai ga wani ɗan gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. Motar mutumin da ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba! Allah ne Ya rufa asiri Sunday ya riƙe ni.

Na wuce wurin zaman makoki na durƙusa gaban Alhaji Sule, yayan marigayi. Ya ce, "Nasiru, ka san yanzu kayan marayu ne. Motar da ba ta tafiya ƙarfe ce, in an zo rabon gado a kilo za ta tafi." Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba.

Na ce, "Alhaji, alfarma ɗaya nake roƙo. A ba ni zuwa sadakar arba'in. In ba ta je Babura da ƙafarta ba, ni da hannuna zan kira mai sikeli."

Ya dube ni ya ce, "Allah Ya ba ka iko."

Saboda haka ku shaida. Bayan sadakar uku zan buɗe garejin. Sunday ya ce waldar tasa ce, ba sai an roƙe shi ba. Saura lagireto, saura salansa, saura birki, saura wayarin da ni ne ma na bari. Bangon nan kuma kada wanda ya kuskura ya goge min shi, don akwai layi shida da ban gama karantawa ba. Wannan karon sai na duba ƙarfe kafin in sa wasali.

An ce da aka gaya wa Baba Ilu rasuwar, ya yi salati, sannan ya ce, "To motar fa?"

Baba, tana zuwa in sha Allah. Ba shi zai tuƙo ta ba, amma hannunsa za ka ji.

Ya Allah Ka gafarta wa Ado. Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi inuwa kamar yadda ya ba ni ranar da ba ni da ita. Ka raya abin da ya bari, Ka ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya roƙa min ikon cika alkawarin nan. In kuma wata rana kuka ga jar mota mai ƙofa biyu a hanyar Babura tana kukan a-kori-kura, ku yi dariyarku, shi ma da zai yi. In kun gama ku karanta masa Ƙulhuwallahu.