Mai Kai Saƙon Rasuwa a Filadelfiya

Duk wanda ya tashi a Madarumfa ya san Kanta masunci, kuma ba don kifi aka san shi ba. Kamunsa bai fi na kowa ba, abokan wasansa ma cewa suke tarunsa ya fi sabawa da ciyawa. Abin da ya fi kowa iyawa shi ne kai saƙon rasuwa. In mutum ya cika a asibiti a Maraɗi, ko a can wurin ci-rani, ba a bugo wa iyalinsa waya kai tsaye. Kanta ake nema. Sai ya wanke ƙarnin kifi, ya zura farar rigarsa, ya nufi gidan.

Yana da tsarinsa, shekara talatin bai sake shi ba. Ba ya faɗa wa mai jin yunwa, sai ya tabbata an ci abinci. Sannan ya ce wa mutum ya ɗan taka masa. A hanya ya ɗauko hirar mutanen da, su wane da wane da suka kafa garin, ga shi duk sun wuce. In da hali, su bi ta gefen kushewun waliyyai na bakin tafki. Sai an yi salla, an zauna a inuwa kusa da ruwa, kafin ya buɗe baki. Har ta kai in Kanta ya yi sallama da farar riga, matan gida sukan fara salati tun bai zauna ba, ko da aron gatari ya kawo shi.

Da shekaru suka ja, sai yanar ido ta rufe masa gani. Ɗansa na fari, Shu'aibu, mai tuƙin babbar mota a Amurka, ya yi ta faɗi-tashi har ya samo masa biza. Da tare za su tafi da matarsa Inde, amma hawan jini ya kayar da ita da damina, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ya bar ta zaune a tabarma tana ba da umarni kamar kullum, ƙafafunta kuwa a kumbure.

Aka yi aikin ido a Filadelfiya, ya yi kyau. Mako uku Kanta yana zaune a ɗaki, hawa na huɗu. Kullum Shu'aibu ya fita tun asuba, ya dawo a gajiye. Tsakaninsu kuma akwai kunyar ɗan fari: Kanta bai taɓa kiran sunansa ba, hirarsu ba ta wuce gaisuwa. 'Yar wayarsa ba ta aiki a ƙasar, don haka muryar Inde sai ranar Juma'a, ta wayar Shu'aibu.

Ran wata Talata da safe wayar ta yi ƙara. Shu'aibu ya duba, fuskarsa ta canza, ya shige madafa ya ja ƙofa. Ido aka gyara wa Kanta, kunnensa dama garau yake. Ya ji ɗan nasa yana magana ƙasa-ƙasa: "To. To. A yi haƙuri. Yau za ni san yadda zan yi da shi."

Da ya fito, mutumin da ko ranar Salla bai fasa aiki ba, sai ya ce yau ba ya zuwa ko'ina, zai fita da Baba ya ga gari. Amma a fara cin abinci tukuna.

Kanta ya tuna nasa tsarin: ba a faɗa wa mai jin yunwa. Ya tura lomar da ƙyar. Tambaya ɗaya ce a bakinsa, amma ta yaya dattijo zai dubi ɗan farinsa ya tambaye shi lafiyar Inde? Ya kuma san ƙa'ida, ba a gaggauta mai saƙo. Gaskiyar magana ma tsoro yake ji, don muddin ba a furta ba, Inde tana nan a tabarmarta.

Suka fita da ƙafa. Suka bi dogon layi don ganin wata tsohuwar ƙararrawa mai tsaguwa a gefe, mutane na ta ɗaukar hoto da ita. Kanta ya kafa mata sababbin idanunsa, bai ga komai ba sai kumburarrun ƙafafun Inde. Daga nan sai wani gidan jan bulo. Shu'aibu, wanda ya sha karatu a waya kafin su fito, ya zage yana bayani: nan manyan ƙasar suka zauna fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, suka sa hannu a takardar rabuwa da Ingila. Ya lissafa su, ya ce duk sun daɗe da rasuwa. Kanta ya gyaɗa kai. A ransa ya ce ashe yaron nan yana lura da aikinsa tun yana ƙarami. Ga abinci, ga tafiya, ga hirar mutanen da, bai tsallake ko ɗaya ba.

Da suka karya kwana ya hangi tsohuwar maƙabarta, masu yawon buɗe ido na jefa sulalla a kan wani kabari, sai ya tsaya cak. Ya dafa ƙarfen shinge. Ya tuna Inde a bakin murhun banda, hayaƙi na shiga idonta, tana juya kifi tana yi masa faɗa a kan ya dawo da 'yan tsiraru. Shekara arba'in da ɗaya yana ƙorafin bakinta. Yanzu wa zai yi masa faɗa?

Suka yi azahar a wani masallaci. Da Shu'aibu ya ce su je bakin kogi su huta a inuwa, Kanta ya bi shi kamar rago. Suka zauna a benci, jiragen ruwa na wucewa. Shu'aibu ya yi gyaran murya, ya soma bayanin wata gada da ke kan kogin. Nan haƙurin tsoho ya ƙare, ya karya ƙa'idar da shi ya fi kowa riƙe ta.

"Kai, ya isa. Ka yi yadda ya kamata, ba ka bar komi ba. Hwaɗa mini, yaushe ta cika?"

"Wa, Baba?"

"Uwarka."

Shu'aibu ya saki baki, sannan ya yi salati. Kansa a sunkuye ya warware zancen. Inna ce da kanta ta bugo da safe, ta wanke shi tas. Ta ce an gyara wa tsoho ido, shi kuma ya kulle shi yana kallon bango. In ya koma Madarumfa aka tambaye shi labarin Amurka, me zai ce wa mutane? Kunyar faɗan ce ta kai shi madafa.

Kanta bai yarda ba. Shi kansa ya sha musanta irin wannan in lokaci bai yi ba. Sai Shu'aibu ya danna waya ya miƙa masa. Ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara. Can aka ɗauka. A gida an idar da magariba, yana jin kukan awaki da ƙarar kwanuka, sai ga muryar nan da ya sani.

"Malam? An hito da kai ke nan. To mi ka gani?"

"Ban ga komi ba."

Ai kuwa ta kama faɗa. Shi da ɗansa duk ɗaya suke, a kai mutum har ƙarshen duniya, a buɗe masa ido, ya yini a gari ya ce bai ga komai ba. Wani sanyi ya sauko wa Kanta tun daga ka har tafin ƙafa, daɗin da bai taɓa jin irinsa ba, hawaye suka zubo masa bai ko share ba. Shu'aibu ya tashi ya matsa can gefe, ya juya baya yana kallon ruwa.

Da ta ji shiru ya yi yawa, Inde ta dakata.

"Kana ji na kuwa?"

"Ina jin ki," in ji Kanta. "Ci gaba da hwaɗanki, kada ki tsaya."