Sunan da Na Kasa Kira a Bakin Tafki

Assalamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, yau dai na ce bari in sauke abin nan daga zuciyata. A shekarun casa'in ni matar aure ce mai ƴaƴa biyu a Saint-Fons, gefen Lyon, inda maigidana ke aiki a wata masana'antar sinadarai, kullum ya dawo da warin wurin a rigarsa. Daga Damagaram aka kawo ni, kuma na zo da kunyata cif, ban bar ko kaɗan a gida ba. Ƴata ta fari a Lyon na haife ta, aka sa mata sunan mahaifiyar mijina. Kun ga kunya biyu ke nan, ga ƴar fari, ga sunan suruka. Tun ranar da aka yanka mata rago sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. In zan kira ta sai in ce ke, in zan yi maganarta sai in ce yarinyar nan. Ƙanenta kuwa sai in kira sunansa sau ɗari a wuni. Wallahi har alfahari nake da hakan, ina ganin na riƙe tarbiyyar gida a ƙasar da ba a san ta ba.

Abin da ban lura ba shi ne, a Damagaram ƴar fari tana da kaka da goggo da inna masu kiran sunanta suna rungumarta. Tawa ba ta da kowa, daga ni sai uban da ke fita da asuba. Wata rana ta dawo daga lakwal, wato makaranta, ta tambaye ni ko na manta sunanta ne, don iyayen ƙawayenta suna kiran nasu a bakin ƙofa. Dariya na yi, na ce ta wuce ta cire takalmanta, ta daina maganar banza.

Tana da shekara bakwai aka yi hutun bazara, na ɗauke su a jirgin ƙasa muka tafi Paris wurin yayata da ke Aubervilliers. Lokacin ba a daɗe da buɗe katafaren wurin wasan yaran nan na gabashin Paris ba, yarinyar nan ta gani a talabijin ta hana ni sakat. Muka je mu huɗu, ni da yayata da yaran. Kai, wuri ya yi kyau! Ga dawakan katako masu juyawa, ga manyan kofuna da ake zama ciki suna wulwulawa, ga kwale-kwalen da ke ratsa wani ɗaki cike da ƴan tsana masu waƙa. Sai dai ranar akwai yayyafi da hazo, kuma ni hankalina bai kwanta da mutanen nan da ke yawo cikin rigunan dabbobi ba, manyan kawuna, baki a buɗe, murmushin da ba ya motsi. Ina sanye da wata shuɗiyar atamfa da na zo da ita daga gida, da kallabinta.

Bayan azahar na sunkuya a kan wani benci ina sake wa ƙanenta wando, yayata ta je sayo mana shayi. Na ɗago kai babu yarinya. Innalillahi! Na saɓa yaron na kutsa cikin jama'a ina kiran ke, ke, kowace mace sai ta waiwayo ta dube ni. Muka je ofishin da ake kai yaran da suka ɓace, wata ma'aikaciya mai kirki ta tambaye ni sunan ƴata. Ku ji ikon Allah, a wannan hali ma sai na juya na kalli yayata don ita ta faɗa. Ta faɗa, amma da muka fito ta wanke ni tas a gaban mutane. Ta ce ko kunyar ce za ta haifa mini wata, ta ce in buɗe baki in kira ƴata kamar kowace uwa. Na buɗe bakin, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Shekara bakwai ina danne shi, ya ƙi fita.

Mun kusa awa biyu muna yawo, ma'aikata na nema, mu ma muna nema. Daga ƙarshe ƙafafuna suka kai ni can baya, wurin wani tafki da aka kewaye da ƙarfe da shingen itatuwa. Babu kowa a wurin. Kiɗan da ya cika ko'ina nan da ƙyar ake jin sa, hazo ya kwanta a kan ruwan, ruwan kuma ko motsi ba ya yi. Ban ga komai ba, amma na ji a jikina cewa in na bar wurin nan shi ke nan na rasa ta. Sai na ƙwalla sunan. Muryar ta fito a shaƙe, a karkace, har na yi tuntuɓe a tsakiyarsa. Na sake, na sake, ina kuka. A kira na uku ta fito daga bayan shingen, babu takalmi a ƙafarta sai safa jiƙe sharkaf, hannuwanta sanyi ƙalau. Wani ma'aikaci ne ya samo takalmanta a ƙetaren ƙarfen, daf da ruwa, an jera su tsaf kamar a ƙofar ɗaki, bakinsu na kallon tafkin.

Sai a jirgin komawa Lyon, ƙanenta na barci a cinyata, ta fara magana a hankali tana kallon taga. Ta ce wata mace ce ta kira ta, da Hausa, da muryata, da cikakken sunanta. Matar na sanye da shuɗiyar atamfa irin tawa da kallabi irin nawa, tana gaba ita tana bi, ko sau ɗaya ba ta juyo da fuskarta ba. Suka ratsa cikin jama'a babu wanda ya kauce wa matar, babu wanda ya dube ta. Duk sanda ta ja baya sai matar ta sake kiran sunan, a tausashe. Da suka isa bakin ruwa matar ta ce mata ta cire takalmanta, an iso gida.

Na tambaye ta ko ba ta gane ba ni ba ce. Ta ce ta gane tun kiran farko, ai ni ba na faɗin sunanta. Na ce to don me ta bi ta? Ta ce don daɗin ji. Ta ce ba ta taɓa sanin yadda sunanta yake a muryata ba, tana so ta ƙara ji. Jama'a, da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Sai na tambaye ta abin da ya dawo da ita. Ta ce ta riga ta sa ƙafa a ruwa sai ta ji wata muryar daga baya, mummuna, mai kuka, tana faɗin sunan kamar wadda ba ta iya ba. A nan ta san wannan ce ni.

Maigidana ya ce tunanin yara ne, ta ga ƴan tsana da yawa. Malamin da ke masallacin unguwarmu bai ce e ba bai ce a'a ba, ya dai ba mu addu'o'i. Ni har yau ban san abin da ya kira ƴata ba, kuma na daina neman sani. Atamfar ce ban ƙara ɗaurawa ba. Abin da na sani tabbas shi ne ni na bar ta da yunwar da har ta bi abin da ta san ba uwarta ba ne.

Ba zagin al'adarmu nake ba, kunya abu ne mai kyau inda akwai dangin da za su cike gurbi. Amma ku iyaye mata, musamman ku da ke zaune a ƙasar wasu ku kaɗai da ƴaƴanku, don Allah ku kira su da sunayensu, ku bari su ji a bakinku tun suna ƙanana. In ba ku kira ba, wani zai kira, mutum ko wanin mutum, kuma za su amsa. Ƴata yanzu uwa ce, tana can Lyon da nata yaran. Duk sanda na buga mata waya da sunanta nake farawa, kuma har yau harshena na ɗan tuntuɓe a tsakiyarsa. Na taɓa ce mata zan gyara. Ta roƙe ni kada in gyara, da haka take sanin ni ce.