Wasiƙar da Ta Fito Daga Rasha

Ni ce jikar Sitti ta fari, kuma shekara tara na yi ina cin sarautata ba mai ja da ni, kafin a kawo Rabi. Sitti kakata ce ta wajen uba. Mu da aka haifa a Jidda haka muke kiran kaka, ita kuma ta haƙura da sunan, ko da yake takan ce bai taɓa zauna mata a kunne ba. Daga Damagaram suka taso da kakanmu a ƙafa, suna yada zango suna ƙodago a gonakin mutane, har suka ƙetaro teku. 'Ya'ya biyu ta samu. Babana ya tsaya a nan, ƙanensa Baba Issufu kuwa tun yana ƙarami aka mayar da shi gida riƙo wajen yayanta, can ya yi boko.

Jidda ba garin jin ɗumi ba ne, saboda haka wutar Sitti ta sana'a ce. Gyaɗa take soyawa da yashi, ta kai kasuwar Bab Makka da safe. Da an idar da magariba sai mu hau da murhun gawayi saman bene, yaran maƙwabta su biyo ƙamshi, mu yi da'ira. Akwai doka a wajen. Wanda ke riƙe da mafici shi ke zama dab da gwiwarta ta dama, shi ake zuba wa gyaɗar fari a tafin hannu ya ɗanɗana ko ta soyu, kuma shi kaɗai ke amsa mata idan za ta fara labari. Takan buga cokali a bakin kasko sau uku ta ce, "Ga wata baƙuwa ta taso daga nesa." Mai mafici ya ce, "A ba ta wuri ta zauna." Ni ce mai mafici, kuma ban taɓa tunanin abu ne da ake iya karɓewa ba.

Sai Baba Issufu ya samu gurbin karatun likita a Rasha, matarsa kuma ta rasu bai daɗe da tafiya ba. Wata gwaggo ta zo aikin Hajji da 'yarsa Rabi, sa'ata, ta bar ta wajen Sitti. Kafilin babana, wato ɗan ƙasar da babana ke zaune ƙarƙashin sunansa, Abu Faisal, mai shagon yadi ne, mutumin kirki, ya yi alkawarin zai tsaya a sa ta cikin iƙamar babana, wato takardar izinin zama. Ba tare da wannan takarda ba, zamanta a garin na aro ne.

Ranar da ta zo babana ya rufe ƙofa ya tara mu.

"Ku saurara da kyau. Duk wanda ya tambaya, uban Rabi yana Faransa. Faransa, fahimtu? Kada in ji wani gari a bakin kowa."

Wanda bai ga wancan zamani ba zai yi dariya. Lokacin sojojin Rasha suna Afganistan, kuma kalmar shuyu'i, wato ɗan kwaminis, ta fi kowane zagi nauyi a garin. A masallaci ana maganarsu, a makaranta ana maganarsu. Mu yara mun ɗauka wasu halittu ne masu jan ido da ba su san Allah ba. Babana kansa idan yana juya rediyo ya faɗa kan tashar Hausa ta mutanen Rasha, sai ya rage murya ya waiga taga, sannan ya gudu tashar mutanen Amurka ya ji yadda su kuma za su ƙaryata.

Ni dai ba Rasha ce ta dame ni ba, Rabi ce. Yarinyar nan ta buɗe baki ta ce "Kaka," sai na ga fuskar Sitti ta yi wani haske da ban taɓa jawo mata ba. Hausarta tsaf, irin ta gida. Tawa kuwa rabi da rabi ce, in fara magana da Hausa in ƙarasa da Larabci, Sitti ta yi ta tsokanata wai harshena ya sha ruwan gishiri. Rabi ta san sunan unguwar da aka haifi Sitti, ta san wa ya mutu, wa ya yi aure, wace rijiya ta ƙafe. Ga ta da iya fifita, ba ta tayar da toka. Sitti ta ce mu riƙa yin karɓa-karɓa da maficin, yau ni gobe ita. Ba a yi wata biyu ba aka manta da yau ɗina. Sai na koma can gefe kusa da tankin ruwa, ina kallon gyaɗar fari tana zuba a hannun wata.

Wata magariba ɗan maƙwabtanmu 'yan Cadi ya tambaye ta, "Sitti, Amurka da Rasha wa ya fi ƙarfi?" Ta juya yashi, sannan ta buga kasko sau uku. Rabi ta amsa.

Ta ce an yi wasu maƙera biyu, Na-Gabas da Na-Yamma. Wani Dodo ya addabi duniya yana cinye garuruwa, suka haɗa kai suka kashe shi. Jininsa bai bushe ba suka fara gardamar mashin wa ya taɓa zuciya. Suka raba garin Dodon biyu, suka ja katanga a tsakiya, kowa ya koma maƙerarsa. Daga ranar barci ya ƙaurace musu. Kowa ya kwanta sai ya kasa kunne yana sauraren gudumar ɗan'uwansa. In Na-Gabas ya buga goma, Na-Yamma ya tashi ya buga goma sha ɗaya. Suka ƙera masu har rumbuna suka cika, suka narkar da fartanya, suka narkar da allurar mata. Na-Gabas ya cilla mashi sama ya zagaya duniya, Na-Yamma ya ƙi cin abinci sai da ya kafa tsani ya taka wata da ƙafarsa.

Sai suka waiwayi ƙananan ƙauyukan da ke tsakaninsu. Wannan ya aika da buhun alkama, wancan ya ce a ba shi yara ya koya musu sana'a, kowa kuma in ya bayar sai ya tambaya, "To, ku na wane ne?" Gizo ya ɗinka riga mai fuska biyu, ya ci nan da safe ya ci can da yamma. Amma akwai wani ƙauye da ƙishi ya dama, Na-Gabas ya haƙa musu rijiya suka sha. Da Na-Yamma ya ji labari, ya zo ya cika ta da duwatsu.

"Kaka, shi ba shi da ruwa ne?" in ji Rabi.

"Kogi ne da shi a bayan gida, 'yar nan. Ba ruwan yake so ba. Ganin guga a hannun wani ne ba ya iyawa."

Ta ce har yanzu suna can, kowa zaune kan tarin masunsa, ido ja wur. "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Na matso don kada a manta ina wajen, na tambaye ta wane ne na kirki a cikinsu. "Tayyib, Sitti, min fihum mai kyau?"

"Ni gyaɗa nake sayarwa, Dije. Ba a ba ni alƙalanci ba."

Yara suka yi dariya, wasu don amsar, wasu don Hausata. Da suka watse, na ji Rabi ta ce a hankali, "Kaka, babana yana wajen Na-Gabas ko?" Sitti ta jawo kanta ta ɗora a cinya, tana shafa mata kitso. "Babanki sana'a ya je koyo. Da sallarsa ya tafi, da ita zai dawo." Ina tsaye riƙe da rariya ba wanda ya ce mini in zauna. Marainiya ce, na sani, amma a lokacin har maraicin nata nake kishi.

Cikin azumi wani mai Umra daga Damagaram ya kawo wasiƙa. Ba a aiko da saƙo daga Rasha zuwa Jidda kai tsaye, sai Baba Issufu ya aika gida, su kuma su sa ambulan ɗinsa cikin wani ambulan su ba matafiyi. Na cikin yana da kan sarki mai hoton lauje da guduma, da wani rubutu kamar an juya haruffa. Akwai hotonsa tsaye cikin ƙanƙara da hular gashi. Rabi ta karanta wa Sitti sau uku, Sitti ta yi kuka, ta ɓoye komai ƙarƙashin zannuwa a adakarta.

Duk ranar Alhamis mahaifiyata kan aike ni da ƙullin gyaɗa gidan kafili. Wannan Alhamis ɗin na sa ambulan cikin jakar makaranta. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Ban san iyakarsa ba dai, amma na san zai yi ciwo, kuma ciwon nake so. Na miƙa wa matarsa Ummu Faisal gyaɗa, sannan na fito da shi na ce mata da Larabci, "Khala, dubi. Uban Rabi ba a Faransa yake ba. Shuyu'i ne."

Ta riƙe ambulan ta gefe da yatsa biyu. Ta ba ni alewa ta ce in gaida gida.

Abu Faisal bai yi faɗa ba. Ya kira babana bayan shago ya mayar masa da ambulan, ya ce yana da 'ya'ya yana da kasuwa, ba zai sa sunansa a takardar da za a wayi gari a zo ana yi masa tambaya ba. Maganar iƙama khalas, ta mutu ke nan. Babana ya dawo fuska a murtuke yana ta lissafin wane maƙwabci ne ya ci amanarsa, don Ummu Faisal ta rufa mini asiri. Sitti ta karɓi ambulan, ta dubi adakarta, ta dube ni. Ta mayar da shi ƙarƙashin zannuwa. Bayan Hajji aka haɗa Rabi da alhazan Damagaram ta koma.

Magaribar ranar Sitti ta miƙo mini mafici. "Karɓi, Dije. Naki ne." Na zauna dab da gwiwarta, na fifita, aka zuba mini gyaɗar fari. Yara suka roƙi labari, ta ce hayaƙi ya kama mata murya. Daga baya takan yi jefi-jefi, gajeru, ba armashi. Shekara shida na yi a wannan wuri har ta rasu, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ban taɓa jin na ci nasara ba.

Ina ɗakin miji aka ce katangar nan ta rushe, ƙasar Na-Gabas ta wargaje. Kalmar da ta sa manya rufe ƙofa, yau 'ya'yana ba su ma san ta ba. Baba Issufu ya dawo gida likita, yana sahun gaba a masallacin unguwarsu har ya bar duniya. Na daɗe ina ɗora laifin a kan zamani, ina cewa manyan ƙasashe ne suka cika duniya da tsoro. Gaskiya ne sun cika ta. Amma tsoron yana nan ajiye ne kawai, ni na ɗauko shi na kai gidan mutane a jakar makaranta. Kuma in zan faɗi gaskiya, fifita wuta a zafin Jidda bai taɓa yi mini daɗi ba.

Bara Rabi ta zo Umra ta sauka gidana a unguwar Madain Fahd. Ta zama dattijuwa mai jikoki, ta yi ritaya daga koyarwa. Bayan la'asar muna shan shayi ta lalubo wayarta.

"Dije, tsaya ki ji wani abu. Ɗana ya kwashe mini su daga kaset kafin su lalace."

Sai na ji an buga ƙarfe sau uku, sai muryar Sitti, cike da armashin da na ɗauka ya mutu tun ina 'yar shekara goma. Ashe duk shekara takan cika kaset da labarai ta ba alhazai su kai Damagaram. A ɗakin maƙwabciyarmu take ɗauka da hantsi, ina makaranta, ita da ke hana mu tatsuniya da rana. Inda mai amsawa zai amsa sai ta yi shiru, ta bar wa Rabi wuri.

Ina da shekara hamsin da ɗoriya, ga furfura, ga ciwon gwiwa, amma wallahi tsohon kishin nan ya sake taso mini. Ni da na zauna da ita har na rufe mata ido, ba ni da muryarta ko ta minti ɗaya.

Labarin ya ƙare, Sitti ta shiga gaishe-gaishe. Wane na gaishe ki, wance na gaishe ki. Sannan ta ce, "Dije ma ta ce in gaishe ki da kyau da kyau. Kullum sai ta yi cigiyarki."

Rabi ta kashe wayar ta kama hannuna. "Kowane kaset da haka take rufewa. Lokacin nan ba ni da uwa, uba yana nesa, sai in ce ai ina da 'yar'uwa a Jidda da ba ta manta da ni ba. Ban taɓa yin salla ban sa ki a addu'a ba, Dije."

Na dubi hannunta a kan nawa na kasa ɗaga ido. A duk shekarun nan shida, ban taɓa ambaton sunanta a gaban Sitti ba, balle in ce a gaishe ta.