Gyadar Tsoho a Bakin Teku

Kakana na wajen uba, wanda muke kira Tsoho, ba kallo ya kai shi Legas ba. Aikin ido aka je yi masa, aka haɗa shi da ni saboda muna hutun makaranta, kuma duk gidanmu ni kaɗai nake iya jure mitarsa. Shi yana ce mini uwargida, ni ina ce masa ango mai haƙori uku. Haƙoran sun fi uku, amma ba da yawa ba.

Baffana da ke sayar da hatsi a can shi ya sauke mu. Da ido ya warke sai Baffa ya fito da abin da ke ransa: Tsoho ya tsufa da noma, a sayar da gonarsa ta hanyar Gafasa, ya zauna a Legas ya huta. Baffa ya ja ni gefe ya ce in taya shi lallashi. Na amince da gudu, don har na hango kaina na koma garinmu Ajingi da Sallah ina yi wa 'yan ajinmu Turanci ta hanci.

Tsoho ya ce shi ba ya zama inda ba a shuka. Baffa ya yi dariya, ya ce bari dai ya ga gari.

Muka shiga yawo. Mun hau wata gada a kan ruwa, wadda na hau ina yarinya na sauka na kusa furfura. Mun ga benaye da sai ka riƙe hula kafin ka kalli ƙarshensu. A cunkoson motoci kuwa, ta taga kawai za a iya haɗa wa amarya kayan ɗaki daga hannun 'yan talla. Ni ina ta buɗe baki, Tsoho kuwa kansa na ƙasa. Duk inda muka tsaya sai ya nemi inda babu siminti, ya duƙa ya ɗebo ƙasa, ya murza, ya shinshina, ya watsar. Ya tambayi wa ke ciyar da wannan taron jama'a tunda ba su da gona. Baffa ya ce ai ku ne, Baba.

Baffa ya ajiye teku sai ƙarshe. Da na ga ruwan ya taso yana ruri ya nufo ni, na kwasa da gudun da ko ɗan acaɓa ba zai kamo ni ba. Da na waiwayo sai na ga Tsoho a durƙushe, hannunsa cike da yashi, fuskarsa a washe. Ya ce wannan ai jigawa ce irin ta gonarsa, wadda gyaɗa ke so, ga kuma ruwa a gefe wanda ba ya ƙafewa rani da damina. Ya ce idan haka ne, to zama a Legas ba zai gagara ba.

Sai ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu. Ashe tun daga gida yake ɗauke da irin gyaɗarsa, wanda ya gada wajen mahaifinsa. Ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya fara shuka: ya haƙa da dunduniya, ya jefa ƙwaya, ya rufe da ƙafa, ya ƙara gaba. Layi ɗoɗar kamar an ja zare. Masu yawon shan iska suka ɗaga wayoyi. Baffa ya buɗe baki zai yi magana.

Igiyar ruwa ce ta yi maganar. Ta zo ta lashe layin gaba ɗaya ta koma, ba ko sallama.

Tsoho ya daɗe a tsaye. Sannan ya duƙa ya kamfaci ruwan ya kai baki, ya tofar. Ni da nake dariya ko kaza ce ta yi tuntuɓe, na nemi dariyar na rasa, saboda yadda ya riƙe sauran irin a ƙirjinsa.

"Uwargida," in ji shi a hankali, "wannan ruwan miya ne, ba na shuka ba. Yanzu haka hadari ya fara haɗuwa a gida."

Baffa ya yi mini ido, alamar lokacin lallashi ya yi. Na tuna da Turancina na hanci, na yi masa bankwana a zuci.

"Baffa, ka yi haƙuri," na ce. "Ka bar mini mijina ya koma gonarsa."

Baffa ya kalli mahaifinsa, ya sunkuyar da kai, ya ɗauko masa takalmansa ya karkaɗe.

Mun iso Ajingi ƙasa tana ƙamshin ruwan farko. Washegari Tsoho ya shuka abin da teku ta rage masa, ni ina biye da shi da ƙwaryar iri ina tsokanarsa. A makaranta kuwa na ce kakana yana da gona a cikin teku, kifaye ke yi masa noma. Da labarin ya kai kunnensa, cewa ya yi in gaya musu gaskiya: kifayen ɓarayi ne, iri kawai suka cinye.